Me Ya Sa Kwaikwayon Manyan Mutane Yake Ba Mu Dariya?

A ƙarshen watan Agustan 2008 ne John McCain, ɗan takarar shugabancin Amurka a jam'iyyar Republican, ya ɗauko gwamnar jihar Alaska, Sarah Palin, ya ce ita ce za ta yi masa mataimakiya. Kafin wannan rana, in ka fita daga Alaska, ba kowa ne ya san ta ba. Bayan mako biyu, a daren Asabar 13 ga Satumba, sai 'yar wasan barkwanci Tina Fey ta fito a shirin Saturday Night Live na tashar NBC, sanye da jan kwat da tabarau irin na Palin, ta tattare gashinta sama yadda Palin take yi. Ana cikin maganar hulɗa da ƙasashen waje sai ta washe baki ta ce ai ita daga gidanta ma tana hango Rasha. Zauren ya kece da dariya.

Palin ba ta taɓa faɗin haka ba. Abin da ta faɗa kwana biyu kafin nan, a hirarta da Charles Gibson na tashar ABC, shi ne Rasha maƙwabciyarsu ce, kuma akwai wani tsibiri a Alaska da ake hango ƙasar Rasha daga kansa. Maganarta gaskiya ce, domin tsakanin ƙaramin tsibirin Diomede na Amurka da babban Diomede na Rasha bai wuce kilomita huɗu ba. Duk da haka, har gobe akwai Amurkawan da za su rantse maka cewa da kunnensu suka ji Palin ta yi maganar hango Rasha daga gidanta.

In ka tsaya ka duba, abin da ban mamaki. Mutum ya tashi tsaye ya yi magana da muryar wani. Bai zame ya faɗi ba, ba a watsa masa ruwa ba, sau da yawa ma babu wani abin raha a cikin kalmomin da ya furta. In aka rubuta su a takarda aka miƙa maka, ko murmushi ba za ka yi ba. To daga ina dariyar take fitowa?

Sharaɗin farko shi ne sani. Kwaikwayon wanda ba ka sani ba, ba ya ba ka dariya, komai gwanintar mai yinsa. Ka kunna wa mutumin da bai taɓa ganin Palin ba wasan Tina Fey, abin da zai gani kawai wata mata ce mai jan kwat tana ƙifta ido. Ke nan rabin aikin a cikin kan mai kallo ake yinsa. Shi ya sa fitattun mutane suka fi dacewa da wannan sana'a: shugaban ƙasa, ko mai karanta labarai, ko mawaƙi, miliyoyin mutane suna ɗauke da muryarsa a ka ba tare da sun yi niyyar haddace ta ba. Ɗalibin da ya iya kwaikwayon hedimasta yana da 'yan kallo aji ɗaya. Wanda ya iya kwaikwayon shugaban ƙasa yana da ƙasa guda.

Sai dai yadda ƙwaƙwalwa take ajiye mutane shi ne inda zancen yake da daɗi. Ba ta ajiye kwafin mutum sak kamar na'urar ɗaukar hoto. Bisa ga abin da masu binciken gane fuska suka daɗe suna nunawa, tana riƙe da wani matsakaicin fasali na fuskokin da ta saba gani, sannan ta lura da inda kowane mutum ya kauce wa wannan matsakaici: wannan hancinsa ya fi tsawo, wancan goshinsa ya fi faɗi. A 1982 wata ɗaliba a jami'ar MIT mai suna Susan Brennan ta rubuta manhajar kwamfuta da take yin wannan lissafi. Manhajar takan auna fuskar mutum da matsakaiciyar fuska, ta gano bambancin, sannan ta ƙara masa girma. A 1987 ita da Gillian Rhodes da Susan Carey suka gwada irin waɗannan zane-zane a kan mutane, suka tarar ana saurin gane wanda aka zana idan an ƙara wa zanen gishiri fiye da idan an zana shi daidai yadda yake. Wato zanen da ya yi ƙarya ya fi zanen gaskiya kama da mutumin.

Abin bai tsaya ga ɗan Adam ba. Niko Tinbergen, masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Holland wanda ya samu lambar Nobel a 1973, ya yi nazari a kan wani tsuntsun bakin teku da ke da jan ɗigo a bakinsa. 'Yan tsakinsa sukan caccaki ɗigon nan don uwar ta amayo musu abinci. Da aka miƙa musu siririyar sanda ja mai zoben fari a kanta, wadda ko kama da kan tsuntsu ba ta yi ba, sai suka fi caccakarta fiye da siffar da aka yi daidai da kan uwarsu. Alamar da aka tsame aka ƙara wa ƙarfi ta fi ainihin abin jan hankali.

Haka murya take. Muryar mutum na gaske ba ta zama wuri ɗaya: daban take in yana fushi, daban in ya gaji, daban in yana waya da mahaifiyarsa. A wani bincike da Nadine Lavan da abokan aikinta suka wallafa a 2019, an ba mutane guntayen maganganu na mutum biyu kacal, aka ce su ware su gwargwadon masu maganar. Waɗanda ba su san masu muryoyin ba sai suka riƙa raba su gida-gida, suna zaton mutane da yawa ne. Mai kwaikwayo yana zubar da duk wannan sauye-sauye. Yakan ɗauki abu uku ko huɗu: inda mutumin yake jan numfashi, harafin da yake taunewa, kalmar da ba ya rabuwa da ita, yadda yake sara iska da hannu. Waɗannan yake tafasawa har ruwan ya ƙafe, ya bar maka zallar ɗanɗano. Da ka ji, sai wani abu ya faɗo maka a rai: wallahi haka yake yi! Ka shekara goma kana jin mutumin, ka lura da abin ba tare da ka san ka lura ba, sai yau wani ya ɗora maka yatsa a kai. A ganina wannan ita ce tushen dariyar, sauran bayanan duk a kanta suke hawa. Ka lura da abin da mutane suke faɗa in an yi kwaikwayo mai kyau. Ba sa cewa maganar ta yi ma'ana. Cewa suke yi, "Kai, shi ne sak!"

Amma kuma ba shi ne sak ba, kuma in da shi ne sak da ba a yi dariya ba.

A 1975, shekarar da aka fara Saturday Night Live, Chevy Chase ya riƙa fitowa a matsayin Shugaba Gerald Ford. Bai sauya murya ba, bai sa hular gashi ba, bai yi kwalliyar da za ta sa ya yi kama da shi ba. Abin da yake yi kawai shi ne tuntuɓe da faɗuwa da ture kayan kan tebur. Dalili kuwa, a watan Yunin shekarar Ford ya zame a matakalar jirgin shugaban ƙasa a birnin Salzburg na Ostiriya, kyamarori suna kallo. Mutane sun yi ta dariya, duk da cewa babu kama ko ta sisin kwabo. Dana Carvey kuma, wanda ya shahara da kwaikwayon Shugaba George Bush uba, da gangan ya riƙa nisanta daga muryar Bush ta gaskiya. Yana cinye ƙarshen kalmomi, yana wulwula hannu fiye da kima, har maganar ta koma kamar ƙara kawai, kuma duk sa'ad da ya ƙara nisa sai dariyar ta ƙaru.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a daidai wannan tazarar dariyar take zaune. Mai kallo yana ganin mutum biyu a jiki ɗaya: kunnensa yana ce masa shugaban ƙasa ne, idonsa yana ce masa wani saurayi ne da ko kansila bai taɓa zama ba. Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, ya lura cewa fuskoki biyu masu kama da juna, waɗanda babu wadda take ba da dariya ita kaɗai, in aka jera su sai a yi dariya saboda kamannin. Mun ɗauka kowane mutum guda ɗaya ne tak a duniya. Ganin an fitar da na biyunsa yana karya wannan zato, kuma masana irin su Kant da Schopenhauer sun daɗe da cewa dariya tana zuwa ne idan abin da aka zata da abin da aka gani suka yi karo.

Wata 'yar barkwanci mai suna Sarah Cooper ta juya abin a 2020, lokacin kullen korona. Ba ta kwaikwayi muryar Donald Trump ba ko kaɗan. Ta ɗauki muryarsa ta ainihi daga taron manema labarai, ta ɗora a bidiyon TikTok, tana motsa leɓe daidai da maganarsa a cikin ɗakinta. Muryar tasa ce ɗari bisa ɗari, jikin kuwa na mace baƙar fata ne, babu mumbari, babu tuta, babu jami'ai a tsaye a baya. Miliyoyin mutane suka kalla. Da aka cire wa maganar rigar mulki, sai mutane suka ji ta tsirara a karo na farko. Wasu, in sun so, sukan ce ai wannan ba kwaikwayo ba ne. Ni kuwa ina ganin shi ne ya fi kowanne fito da yadda abin yake aiki.

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani a nan shi ne Henri Bergson, masanin falsafa na Faransa, a rubutun da ya fitar kan dariya a 1900. Ra'ayinsa shi ne muna dariya idan muka ga mai rai yana aiki kamar inji. Ya ce ba a iya kwaikwayon mutum sai a inda ya daina zama kansa, wato a inda ɗabi'a ta karɓe ragama, jiki yana maimaita abu ba tare da mai shi ya sani ba. Abin da yake sabo a cikin mutum, wanda yake fitowa daga tunaninsa a wannan lokacin, ba ya kwaikwayuwa, domin ba a san shi ba tukuna. Abin da ake iya ɗauka shi ne wanda ya riga ya daskare. Don haka duk wanda aka kwaikwaya da kyau, an nuna masa ne cewa yana da sashen da ke tafiya da kansa, wanda ko wani ma zai iya kunnawa.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa 'yan siyasa suka fi kowa shiga hannu. Aikinsu maimaici ne. Jawabi ɗaya a gari ashirin, murmushi ɗaya, ɗaga hannu iri ɗaya, amsa ɗaya ga tambaya goma. Masu ba su shawara ma su suke koya musu su tsaya a kan 'yan kalmomi kaɗan kada su kauce. Ba su san kayan aiki suke tara wa mai kwaikwayo ba. Misalin da ya fi kowanne shi ne wasan Tina Fey na 27 ga Satumban 2008. A makon Palin ta yi hira da Katie Couric ta tashar CBS, aka tambaye ta game da kuɗin ceto bankuna, ta ba da wata doguwar amsa da ta taɓo kiwon lafiya, ta taɓo samar da ayyuka, ta taɓo haraji da kasuwanci, ba ta sauka ko'ina ba. Marubutan shirin ba su wahalar da kansu ba. Sun ɗauki babban ɓangare na amsar kusan kalma da kalma suka ba Fey. A bakin Palin maganar ta wuce a matsayin amsar 'yar siyasa da ta ɗan rikice. A bakin Fey kuwa sai aka ji injin yana juyawa babu kowa a kan sitiyari.

A Najeriya ma mun ga haka da Obinna Simon, wanda aka fi sani da MC Tagwaye, da ya riƙa kwaikwayon Muhammadu Buhari a zamanin mulkinsa. Tsawo da siranta sun taimake shi, haka ma kaftani da hula da tabarau. Amma ba su ne suke kayar da mutane ba. Shirun nan ne da yake yi a tsakiyar jimla, da yadda yake fitar da kalma ɗaya-ɗaya kamar ana biyan kuɗinsu, da 'yar dariyar da ke zuwa a inda ba a zata ba. Duk wanda ya saurari Buhari ya san waɗannan abubuwa, amma sai da wani ya tattara su wuri ɗaya aka gane cewa tsari ne.

Akwai kuma daɗin ganin babba ya sauko. Thomas Hobbes, masanin falsafa na Ingila, ya rubuta a 1651 cewa dariya wata ɗaukaka ce da mutum yake ji farat ɗaya in ya ga ya fi wani. Idan wanda aka fi ɗin shi ne mai iko da rayuwarka, daɗin ya ninka. A Kenya, a ƙarshen shekarun 1990, wasu ɗaliban jami'a uku, Walter Mong'are da John Kiarie da Tony Njuguna, suka kafa ƙungiyar barkwanci mai suna Redykyulass. Mong'are yakan fito a matsayin Shugaba Daniel arap Moi, da sandarsa ta mulki da kakkausar muryarsa, yana jawabi cikin isa, sai kawai kiɗa ya tashi ya ɓarke da rawa. A lokacin Moi yana kan mulki tun 1978, kuma an yi shekarun da ko sunansa mutane ba sa ambata da ƙarfi a bainar jama'a. Dariyar da aka yi wa wannan rawa ba ta gwanintar murya kaɗai ba ce. Akwai tsoron shekara ashirin da yake fita a cikinta.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan ba ce. A wasan gauta, matan gidan sarauta sukan yi shigar sarki da hakimansa da fadawansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci, sarkin yana zaune yana kallo, kuma ta nan yake jin abin da ba mai iya faɗa masa a fada. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa suke haɗa kayan aiki da karan dawa su fito a matsayin masu mulki da jami'ansu. 'Yan kama kuwa sukan ɗauki salon wa'azin malami ko waƙar wani fitaccen mawaƙi, su riƙe karin da muryar yadda suke, su cika cikin da zancen tuwo da miya. Dabarar dai ita ce ta Tina Fey: a riƙe ƙwarya, a sauya abin da ke ciki.

Sai dai ban yarda cewa ƙasƙantar da babba shi ne dukan labarin ba, kamar yadda wasu suke ɗauka. Muna dariya in an kwaikwayi mai sharhin ƙwallon da muke ƙauna, ko malamin da ya koyar da mu muke yi masa addu'a har yau. 'Ya'ya sukan kwaikwayi mahaifinsu bayan ya fita, su yi ta dariya, alhali babu wanda suke girmamawa kamarsa. Kafin ka iya kwaikwayon mutum sai ka saurare shi fiye da yadda masoyansa suke saurarensa, kuma da wuya ka yi wa mutum irin wannan kallo na tsawon lokaci ba tare da wani abu nasa ya shiga ranka ba.

Dariyar tana da wani sharaɗi kuma, wanda ba a ganinsa sai ya ɓace. Peter McGraw da Caleb Warren na jami'ar Colorado sun bayyana shi a 2010: abu yana ba da dariya ne idan ya keta wata ƙa'ida, amma kuma a lokaci guda mai kallo yana jin babu cutarwa. Ɗaukar muryar mutum ba da izininsa ba keta haddi ne. Abin da ya sa ake dariya shi ne kowa ya san aro ne, mai muryar yana nan lafiya, gobe ma zai fito ya yi mulkinsa. Labarin Vaughn Meader ya nuna abin da ke faruwa in wannan sharaɗi ya rushe. Meader matashi ne da ya iya muryar Shugaba John Kennedy. Faifan barkwancin da ya fitar a ƙarshen 1962 ya sayar da kwafi fiye da miliyan bakwai, ya kuma ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1963. Ranar 22 ga Nuwamban 1963 aka harbe Kennedy a Dallas. Shaguna suka janye faifan, masu gayyatarsa wasa suka soke, kuma sana'arsa ba ta sake tashi ba har ya mutu a 2004. Muryar ba ta canza ba, gwanintar tana nan. Abin da ya canza shi ne yanzu jin ta ciwo ne.

Wannan ma'auni ne yake raba kwaikwayon da ake dariya da wanda ake jin kunya. In an kwaikwayi isar mai mulki, abin da ya zaɓa ne aka taɓa. In an kwaikwayi in'inar mutum ko ɗingishinsa, an taɓa abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba. Haka kuma akwai bambanci tsakanin kwaikwayon Turancin Buhari, mutum ɗaya da aka sani, da kwaikwayon Turancin "Bahaushe" gaba ɗaya a matsayin maigadi marar wayo, irin wanda aka daɗe ana cusawa a wasannin barkwancin kudu. Na farko lura ce, na biyu lalaci ne, domin mai yinsa bai saurari kowa ba. A Amurka ɗan barkwanci Jimmy Fallon ya nemi afuwa a 2020 saboda shafa baƙin fenti a fuska da ya yi shekara ashirin kafin nan don kwaikwayon Chris Rock, ɗan barkwanci baƙar fata. Mai karatu Musulmi kuma ya san addini ya yi magana a nan: aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya ce ba ya son ya kwaikwayi wani mutum ko da za a ba shi kaza da kaza. Malamai sun lissafa kwaikwayon tafiyar mutum ko maganarsa don a wulaƙanta shi a cikin nau'o'in giba.

Taro ma yana da nasa rabo. Robert Provine, masanin da ya yi shekaru yana bin mutane yana rubuta lokacin da suke dariya, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau talatin in yana cikin mutane fiye da in yana shi kaɗai. A kwaikwayo, dariyar tana kuma nufin "ashe kai ma ka lura".

Abin da ya fi damun waɗanda ake kwaikwaya shi ne kwafin yakan kori na asali. Tunda kwaikwayo ya fi mutumin sauƙin riƙewa a ka, shi ne yake zama. Gerald Ford yana cikin shugabannin Amurka mafi ƙarfin jiki, ya buga wa jami'ar Michigan ƙwallon Amurka a ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa a 1932 da 1933, amma abin da aka fi tunawa da shi shi ne tuntuɓe. A Ingila, shirin Spitting Image na 'yan tsanan roba, wanda aka fara a 1984, ya mai da Firayim Minista John Major mutum mai launin toka tun daga fuska har tufafi, ya kuma mai da David Steel ɗan mitsitsin da ke zaune a aljihun abokin siyasarsa David Owen, siffar da ta bi shi shekaru. Jody Baumgartner da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2012 da ya nuna cewa matasan da suka kalli wasan Fey sun rage amincewa da zaɓen Palin a matsayin mataimakiya, musamman 'yan Republican da 'yan ba-ruwanmu. Ban ce wasan ne ya kayar da McCain ba. A shekarar da bankuna suke rushewa a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyarsa, yana da matsalolin da suka fi wannan.

Kuma abin ba kullum yake cutarwa ba. A Faransa, shirin Les Guignols de l'info na tashar Canal+ ya riƙa nuna Jacques Chirac a matsayin wani bawan Allah mai son mutane wanda abokansa suka ci amanarsa, kuma an daɗe ana muhawara a ƙasar kan ko wannan siffa ta taimaka masa ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1995. Mai kwaikwayo yakan yi niyyar yanka, ya ƙare da yi wa mutum ado.

Shi ya sa martanin manyan ya bambanta. George Bush uba, bayan ya sha kaye a zaɓen 1992, ya gayyaci Dana Carvey fadar White House a watan Disamba, ya sa shi ya kwaikwaye shi a gaban ma'aikatansa, suka kuma zama abokai. Palin da kanta ta je Saturday Night Live ranar 18 ga Oktoban 2008, kuma shirin ya samu 'yan kallon da bai samu irinsu ba cikin shekara goma sha huɗu. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma wanda ya yi dariya tare da masu yi masa dariya ya rage musu kaifi. Trump ya zaɓi faɗa, ya yi ta caccakar Alec Baldwin, mai kwaikwayonsa a shirin, a Twitter, abin da ya ƙara wa shirin kasuwa, Baldwin kuma ya ci kyautar Emmy a 2017. A Rasha ba a tsaya cacar baki ba. Shirin 'yan tsana na Kukly a tashar NTV, wanda ya fara a 1994 ya kuma yi wa Shugaba Boris Yeltsin tsiya son ransa, ya nuna Vladimir Putin a siffar wada mummuna a shekarar 2000. A 2001 kamfanin Gazprom na gwamnati ya karɓe tashar, a 2002 shirin ya mutu.

Yanzu kuma ga na'ura ta shigo sana'ar. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya kwafe muryar mutum daga 'yar gajeriyar magana, su fitar da ita fiye da yadda kowane ɗan barkwanci zai iya. In da kamanni ne sirrin, da yanzu mun mutu da dariya. Abin da aka samu akasin haka ne. A watan Janairun 2024 aka riƙa kiran wayoyin masu zaɓe a jihar New Hampshire da muryar Shugaba Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Muryar ta yi kama sosai, kuma babu wanda ya yi dariya. Hukumar sadarwa ta Amurka ta ci wanda ya shirya kiran tarar dala miliyan shida. Na'urar tana kwafe komai daidai wa daida, ba ta zaɓar abin da za ta ƙara wa gishiri, ba ta da ra'ayi a kan mutumin, kuma ba ta barin fuska ta biyu da mai sauraro zai gani ya san wasa ake yi.

Tun a 2018 Jordan Peele, wanda ya yi suna da kwaikwayon Barack Obama, ya haɗa kai da kafar BuzzFeed suka fitar da wani bidiyo don gargaɗi. Fuskar ta Obama ce, an sarrafa leɓenta da kwamfuta, muryar kuma ta Peele ce, yana sa tsohon shugaban faɗin maganganun da ba zai taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Sashen farko na bidiyon yana da ɗaure kai fiye da ban dariya, domin ido bai samu inda zai kama ƙaryar ba. Can gaba sai aka raba allon gida biyu, Obama a gefe ɗaya, Peele a ɗaya gefen yana furta kalmomin da bakinsa, yana jan kunnen mutane su riƙa tantance abin da suke gani a intanet kafin su yarda da shi.